Ku Tambaya Mu Amsa: Tsohon Injin Yankan Ciyawa na Turawa

Wasiƙun wannan fitowa duk a kan abu guda suke, wato tsofaffin injinan yankan ciyawa da ake turawa da hannu, waɗanda ba sa shan fetur, ba su kuma buƙatar lantarki. Mun taƙaita wasu daga cikinsu saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya yi aikin reluwe a nan Zariya har ya yi ritaya. Da muke share ɗakin ajiyarsa sai muka tarar da wani injin yankan ciyawa duk ya yi tsatsa, an rubuta Ransomes da Ipswich a jikinsa, akwai kuma sunan Ajax. Wani ɗan gwangwan ya taya shi a kan kilo. Mene ne asalinsa, kuma ya cancanci a ajiye shi?
Daga wani ɗan kasuwa, Sabon Gari.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Alhaji, ka ba ɗan gwangwan haƙuri, domin abin da zai ba ka kuɗin nauyin ƙarfe ne kawai, alhali abin da ke hannunka ya fito ne daga ɗaya daga cikin gidajen ƙira mafi daɗewa a wannan sana'a. Ipswich gari ne a gabashin Ingila, kuma kamfanin Ransomes da ke can ya fara ƙera irin waɗannan injina tun 1832, shekara biyu kacal bayan da wani injiniya mai suna Edwin Budding ya yi rajistar ƙirƙirar injin a 1830. Shi Budding, a yankin Stroud yake, inda masaƙun ulu suke da yawa, kuma a can ya ga wata na'ura mai juyawa da ke aske gashin da ke tashi a fuskar yadi bayan an saƙa shi, sai ya ga babu abin da zai hana a yi wa ciyawa irin wannan aski. Injinsa na farko faɗin inci 19 ne, yana da nauyi ƙwarai, har an yi masa mariƙi na biyu a gaba domin wani ya ja yayin da wani yake turawa.

Ajax ɗin da ka samu ba na wancan zamani ba ne. An fara fito da shi a 1933, aka ci gaba da ƙera shi har farkon shekarun 1970, ana ɗan sauya masa fasali lokaci bayan lokaci, saboda haka ka duba jikinsa da kyau ko za ka ga harufan Mk da wata lamba a gabansu, domin ita ce za ta nuna maka ko na farko-farko ne ko na baya. Ka kuma kanga maganaɗisu a ɓangarorin gefensa. Idan ya kama, ƙarfen zubi ne. Idan bai kama ba, alminiyom ne, wanda kamfanoni da dama suka koma amfani da shi bayan Yaƙin Duniya na Biyu domin rage nauyi. Ba abin mamaki ba ne a samu irinsa a gidan tsohon ma'aikacin reluwe. Tun da layin dogo ya ratsa Zariya ya kai Kano a 1911, kayan ƙarfe na Ingila suka riƙa shigowa garin, kuma gidajen ma'aikata da makarantu da filayen wasa su ne wuraren da aka fara damuwa da ciyawa mai tsayi ɗaya.

Abin da za ka fara yi shi ne ka ɗiga kananzir a duk inda ƙarfe yake juyawa a cikin ƙarfe, ka bar shi ya kwana biyu, sannan ka gwada juya gangar wuƙaƙen da sanda, ba da yatsa ba. Idan ta motsa, kuma babu tsagewa a ɓangarorin gefe, to injin yana da sauran rai mai yawa. A ganina ka ajiye shi, ka yi aiki da shi. Ba zai sa ka yi kuɗi ba, domin an ƙera irinsa da yawa, amma abin hannun mahaifi ne da har yanzu zai iya yin aikin da aka saye shi dominsa.

Tambaya: Malam, ina da irin wannan inji mai taya biyu a gefe. Da na ga ba ya yanka sosai sai na kai wa mai wasa wuƙa, ya bi wuƙaƙen ɗaya bayan ɗaya da dutsen inji har suka yi ƙyalli. Yanzu ya fi da muni: yana tauna ciyawa, yana barin wata a tsaye. Ina mafita?
Daga wani malamin makaranta mai ritaya, Samaru.

Amsa: Malam, wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a yau, don haka zan ɗan tsawaita. Mafi yawan tsofaffin injinan da na ga sun mutu, ba tsufa ne ya kashe su ba, gyaran da bai dace da su ba ne, kuma dutsen mai wasa wuƙa yana kan gaba a cikin masu wannan ɓarna. Shi mai wasa wuƙa bai yi ha'inci ba, ya yi abin da ya saba yi wa adda da wuƙar fawa ne. Matsalar ita ce wannan inji ba sara yake yi ba. Yankan almakashi yake yi: wuƙaƙen da suka murɗe a jikin ganga suna tattaro ciyawa su kawo ta bakin wata miƙaƙƙiyar wuƙa da ke kwance a ƙasa ba ta motsi, sai ciyawar ta yanke a daidai inda ƙarfe biyun suka gifta juna. Saboda haka abin da ake nema ba kaifin kowace wuƙa ita kaɗai ba ne, a'a, ana so ne dukan wuƙaƙen gangar su zama tsayi ɗaya, kowace ta shafi wuƙar ƙasa daidai wa daida tun daga wannan gefe har wancan. Da zarar an bi su da dutse a hannu, wata za ta ci fiye da wata, tsakiyar wata za ta lotsa, sai a samu giɓin da ciyawa take lanƙwashewa ta wuce ba ta yanku ba.

Kafin ka yanke ƙauna, ka gwada saiti. A kowane gefe na injin akwai noti ko sukuru da ke matso da wuƙar ƙasa kusa da ganga, ko kuma a wasu injinan ya sauko da gangar kanta. Ka kifa injin, ka yanko dogayen ƙyallayen takardar jarida, ka sa ɗaya tsakanin wuƙar ƙasa da ganga, ka juya gangar a hankali. Idan takardar ta yanke tsaf, wurin ya yi. Idan ta lanƙwashe ko ta yage, akwai giɓi. Ka riƙa ɗaure sukurun kaɗan-kaɗan, abin da bai wuce kashi ɗaya cikin takwas na zagaye ba a kowane karo, kana yin gefen dama da na hagu daidai, kana gwada takardar a gefe biyu da tsakiya, kuma a kan kowace wuƙa. Kada ka matse har ganga ta ƙi juyawa sai da ƙarfi, domin ƙarfe zai riƙa cin ƙarfe, kai kuma ka gaji kafin ka gama rabin fili. Inji mai saiti daidai yana yin sauti siriri mai ɗorewa idan ana tura shi, ba ƙarar gogayya ba.

Idan saiti bai wadatar ba, sai a koma ga wasawar da ta dace da shi, wadda ake yi ba tare da an cire wuƙaƙen ba. Ka je shagon kayan mota ka sayi kullun nan mai yashi-yashi da kanikawa suke goge bawul ɗin inji da shi, wanda galibi yake zuwa a ƙaramin gwangwani, mai kaushi a gefe ɗaya, mai laushi a ɗaya gefen. Za ka shafa shi a bakin kowace wuƙa da ɗan burushi, ka matso da wuƙar ƙasa har ta ɗan taɓa ganga, sannan ka juya gangar baya, wato saɓanin yadda take juyawa lokacin yanka. Juyin baya shi ne sirrin aikin, domin shi ne yake sa kullun ya tsaya tsakanin ƙarafan biyu yana cin su tare har su dace da juna. A inji mai taya biyu irin naka, idan ka cire tayoyin za ka ga ƙaramar giya a kowane bakin sandar ganga, a cikinta kuma akwai ɗan guntun ƙarfe da ke kama ta idan ana tafiya gaba, ya sake ta idan an ja baya. Ka musanya giyar dama da ta hagu, ka juya waɗannan guntayen, ka mayar da tayoyin, to daga nan duk turawar da ka yi baya gangar za ta juya. Ka tura shi a kan siminti na 'yan mintuna, ka ƙara kullu, ka ɗan ƙara matsewa, har sai ka ga bakin kowace wuƙa ya yi farin layi marar yankewa. Daga nan ka wanke kullun sarai da kananzir, domin ko kaɗan ya rage zai ci gaba da cin wuƙaƙen, sannan ka mayar da giyoyin inda suke. Ka yi musu alama da alli kafin ka cire, kada su rikice maka.

Idan dutsen ya riga ya ci ƙarfe da yawa, kullu ba zai cike giɓin ba. A nan sai a kai gangar wurin masu sassaƙa ƙarfe da inji, su ɗora ta su bi ta gaba ɗaya ta koma zagaye ɗaya, su kuma miƙar da bakin wuƙar ƙasa. Ga sauran ƙananan gyare-gyare kuwa, kamar sarƙa da boris da giris, na fi ba da shawarar tsohon mai gyaran keke a kan bakanike, saboda hannunsa ya saba da ƙaramin noti, ba ya kuma saurin ɗaukar guduma.

Tambaya: Baba, na sayi wani tsohon inji a wurin 'yan gwangwan, ina so in kankare shi tas in fesa masa sabon fenti. Notinansa sun ƙi kwancewa, sifanata tana zamewa a kansu, kuma ƙafar mariƙin ta tsage. Zan iya kai wa mai walda?
Daga wani ɗalibi, Kongo.

Amsa: Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka ceto shi, amma ka sassauta. Sifanarka tana zamewa ne saboda awonta na milimita ne, su kuwa tsofaffin injinan Ingila galibi an ɗaure su da notina masu awon da Joseph Whitworth ya tsara a 1841, ko danginsa da suka biyo baya. Ba girman kan notin kaɗai ya bambanta ba, har zaren cikinsa: na Whitworth yana da kusurwar digiri 55, na milimita kuwa 60, don haka idan ka tilasta sabon noti a kan tsohon zare, ka lalata shi ke nan. Ka nemi sifana mai daidaituwa, ka matse ta sosai a kan notin, ka jiƙa shi da kananzir na kwanaki, ka ɗan bubbuga shi a hankali, sannan ka gwada ɗaurewa kaɗan kafin ka kwance. Duk notin da ya fita ka adana shi a gwangwani, ko da ya yi muni, domin samun madadinsa a kasuwarmu yana da wuya.

Batun tsagewa kuwa, ƙarfen zubi yana da taurin kai. Yana ɗaukar nauyi, amma ba ya lanƙwasa, kuma idan aka zafafa wuri ɗaya da waldar lantarki alhali sauran jikin yana da sanyi, sai ya sake tsagewa a gefen ɗinkin yayin da yake hucewa. Mai waldan da ya san aikinsa zai fara ɗumama ƙarfen gaba ɗaya, ya yi amfani da sandar walda mai nikel, ya yi ɗinkin gajere-gajere, sannan ya binne shi a busasshen yashi ko toka ya huce a hankali. Wata hanyar ita ce a liƙe shi da tagulla a waldar gas, wadda ba ta kai wancan zafi ba. Ka tambaye shi yadda zai yi kafin ka miƙa masa, idan ya ce ai duk ƙarfe ƙarfe ne, ka ɗauki kayanka ka yi gaba.

Fenti kuma, ra'ayina shi ne kada ka kankare. Idan akwai sauran koren fentinsa na asali da rubutun kamfani ko tambarinsa, waɗannan su ne shaidar injin, kuma masu tara irin waɗannan kaya sun fi daraja wanda ya tsufa da fentinsa a kan wanda aka fesa wa sabo. Ka wanke shi da ruwa da sabulu, ka busar da shi a rana, ka bi tsatsar da burushin waya mai laushi, ka shafe shi da tsumma mai ɗan mai. Ƙananan ƙarafa da tsatsa ta cinye ana iya jiƙa su a ruwan khal kwana guda, a ɗauraye, a busar, a shafa mai nan take. Kada ka kusanto da ruwan batir, kada kuma ka sa soda mai ƙuna a kan alminiyom, domin tana cinye shi. Akwai wani dalili na lafiya kuma: fentin da aka yi amfani da shi a wancan zamani sau da yawa yana ɗauke da dalma, kuma mun ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010. Idan ya zama dole ka goge wani wuri da samfefa, ka jiƙa ta da ruwa don kada ƙura ta tashi, ka yi aikin nesa da yara da wurin girki.

Tambaya: Malam, tsadar fetur ta sa ina tunanin komawa irin wannan inji don ɗan filin ciyawa da ke gabana. Zai iya da irin ciyawarmu?
Daga wata Hajiya, GRA.

Amsa: Hajiya, tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023 mutane da yawa suke irin wannan tunani. Amsar ta danganta da abin da ya tsiro a filin. Idan kiri-kiri ce, wadda take yaɗuwa a ƙasa, to babu injin da ya fi wannan dacewa da ita, domin tana son a yanke ta gajere, tsakanin santimita 2 zuwa 4, kuma yankan almakashi ba ya farfasa bakin ganye ya bar shi yana yin ja. Idan kuwa tofa ce ko gamba, ko ciyawar da ta riga ta fitar da kai, injin zai kwantar da ita ne ya haye ta. A watan Yuli da Agusta, lokacin da ruwa ya kankama, sai an bi filin aƙalla sau ɗaya a mako, kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsayin ciyawar a yanka guda. In ta riga ta wuce santimita 10, a fara sa yaro ya rage ta da langalanga. A jira raɓa ta bushe, a kuma tsince tsakuwa da ƙusoshi da ƙasusuwa kafin a fara, domin dutse guda ya isa ya lanƙwasa wuƙa.

Tambaya: Malam, ina sha'awar tara waɗannan injina. Wanne ya kamata in nema, kuma yaya zan adana su idan damina ta wuce?
Daga wani ma'aikacin gwamnati, Tudun Wada.

Amsa: Malam, iri biyu za ka riƙa haɗuwa da su. Akwai mai rola a baya, wadda ita ce take juya ganga ta hanyar giya ko sarƙa, tana kuma danne ciyawa ta bar layi-layi a fili. Wannan shi ne tsarin Budding na asali, kuma a cikinsa ne Thomas Green na garin Leeds ya shigo da sarƙa a 1859 da injinsa Silens Messor, wanda aka ci gaba da ƙerawa har cikin shekarun 1930. Akwai kuma mai taya biyu a gefe, wanda ya fi sauƙin nauyi da araha, kamfanin Follows and Bate na Manchester ya fito da irinsa a 1869, Amurkawa kuma suka ƙware a kansa. Sunayen da suka cancanci ka tsaya ka duba sun haɗa da Ransomes da Green da Shanks na Sikotlan da Qualcast da Webb da JP. A Ingila abin ya kai har akwai gidan tarihi na injinan yankan ciyawa a garin Southport, da kuma ƙungiyar masu tara tsofaffinsu da aka kafa a 1990.

A nan gida kuwa, wurin nema shi ne tarin 'yan gwangwan, da tsofaffin gidaje idan ana rabon gado ko tashi, da kasuwar Panteka a Kaduna idan ka samu zuwa. Idan na makaranta ne ko ma'aikata, kada ka karɓa daga hannun kowa sai ta hanyar gwanjo da takarda, domin kayan hukuma ne ko da an yi shekaru ba a waiwaye su ba. Wajen saye, tsatsa ba abin tsoro ba ce. Abin dubawa shi ne ko sassan sun cika, ko ɓangarorin gefe ba su tsage ba, ko haƙoran giya ba su karye ba, ko kuma wuƙar ƙasa tana da sauran kauri. Akwatin tara ciyawa shi ne yake fara ɓacewa, saboda haka wanda ya zo da nasa ya fi daraja. Idan ka samu biyu iri ɗaya, ka ɗauki duka, ɗaya ya zama rumbun kayan gyaran ɗaya. Mariƙin katako ko rolar gaba da ta ruɓe ba matsala ba ce, masassaƙi zai fitar maka da sabo daga ƙirya ko maɗaci idan ka kai masa tsohon ya auna. Ka buɗe littafi ka riƙa rubuta inda ka samu kowanne da abin da mai shi ya gaya maka game da shi.

Batun adanawa, abokan gabarka uku ne: laimar damina, ƙurar hunturu, da gara. Bayan yankan ƙarshe a watan Oktoba, ka kankare busasshiyar ciyawa da taɓo daga ganga da ƙarƙashin wuƙar ƙasa, domin a nan laima take maƙalewa tsatsa ta fara. Ka shafa mai siriri a bakin wuƙaƙe, ka sa giris a giya da boris, ka ɗan sassauta saitin don kada ƙarafan biyu su kwana a manne. Kada ka cika mai a waje, saboda idan iskar hunturu ta taso daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙura takan liƙe a jikin man ta zama abin da ke cin ƙarfe da zarar ka fara turawa. Ka rufe injin da buhu ko tsohon zane, ba leda ba, domin leda tana riƙe gumi. Ka ɗora shi a kan bulo ko ka rataye shi, mariƙinsa kada ya jingina da bangon ƙasa, ka kuma shafe katakon da man linsid da ake samu a shagunan kayan fenti. Idan ruwan farko ya sauka a watan Mayu, ka goge tsohon man da kananzir, ka sa sabo, ka mayar da saiti, ka gwada da takarda kafin ka shiga fili.